Tupac, Biggie ko Nas: Wa Ya Kamata Ka Fara Ba Kunnenka?

A shekarar 2023, lokacin da hip hop ya cika shekara 50, mujallun Billboard da Vibe sun haɗu sun fitar da jerin gwanayen mawaƙan gambarar zamani guda 50. Jay-Z suka sa a kan gaba, Kendrick Lamar na biyu, Nas na uku, Tupac na huɗu, Eminem na biyar, Biggie na shida. Jeri irin wannan yana da daɗin musu a majalisa, amma ba ya amfanar wanda yake so ya zauna ya saurara da gaske. Matashin da ya taso da waƙoƙin yanzu, ko wanda yake rubuta nasa baitocin da Hausa a Kano ko Jos ko Yamai, tambayarsa daban ce. Datarsa ba ta da yawa, lokacinsa ma haka, kuma Turancin unguwannin baƙaƙen fatar Amurka ba shi ne wanda aka koya masa a aji ba. Abin da yake so ya sani shi ne, da wa zai fara, kuma da wane kundi.

Mutum uku na ware. Dukkansu a birnin Niyok aka haife su, a shekaru uku a jere: Tupac a 1971, Biggie a 1972, Nas a 1973. Dukkansu kuma sun fitar da aikin da ya tsayar da sunansu tsakanin 1994 da 1996. Zamani ɗaya, talauci iri ɗaya, annobar hodar iblis iri ɗaya a unguwanninsu, amma abin da kowannensu ya yi da makirfo ya sha bamban da na ɗan'uwansa har ka ce ba sana'a ɗaya suke yi ba. Shi ya sa kwatanta su yake nuna wa mutum abin da ake nufi da gwaninta a wannan fage.

Kafin su akwai Rakim. Yawancin mawaƙan farko suna ɗaga murya ne, su ajiye amsa-amo a ƙarshen layi, su wuce. Da Rakim da Eric B. suka fitar da Paid in Full a 1987, sai aka ji mutum yana magana a natse, yana cusa amsa-amo a tsakiyar layi, yana barin jimla ta tsallaka zuwa layi na gaba. Nas magajinsa ne kai tsaye. Biggie ma ya sha daga wannan rijiya. Tupac kuwa ya fi kusa da layin Chuck D na Public Enemy, wato masu ɗaukar waƙa a matsayin mumbari.

Shi Tupac Shakur a cikin gwagwarmaya aka yi cikinsa. Mahaifiyarsa Afeni 'yar Black Panther ce, ƙungiyar fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, tana cikin mutum 21 da aka gurfanar a Niyok bisa zargin shirya kai hare-hare. Da tsohon ciki ta tsaya ta kare kanta a kotu ba tare da lauya ba, aka wanke su a watan Mayun 1971, wata guda kafin ta haife shi. Daga baya suka koma Baltimore, inda ya shiga makarantar koyon fasaha ya karanci wasan kwaikwayo da rubutacciyar waƙa, har da Shakespeare. A 1988 suka sake ƙaura zuwa Kalifoniya. Wannan tarihi ba ado ba ne, shi ne yake bayyana muryarsa. Ɗan wasan kwaikwayo ne da aka horar, kuma ɗan gidan masu jawabi a gaban taro. In ya yi fushi a waƙa za ka ji fushin a ƙirjinka, in ya karaya za ka ji kamar yana gab da kuka. Yana jan wasula a ƙarshen layi yadda masu wa'azin cocin baƙaƙen fata suke yi, yakan kuma ɗora muryarsa sau biyu ko uku a kan juna don ta cika kunne.

Ɗauki Brenda's Got a Baby, daga kundinsa na farko na 1991. Labari ya karanta a jarida na wata yarinya 'yar shekara 12 da ta haihu, ya mayar da shi waƙa. Ɗan'uwanta ne ya yi mata cikin. Ta ɓoye har ta haihu ita kaɗai a banɗaki, ta jefa jaririn a shara, kukansa ya dawo da ita. Gida suka juya mata baya saboda ba ta kawo kuɗi, ta gwada sayar da ƙwaya aka yi mata fashi, ta faɗa karuwanci, daga ƙarshe aka tsinci gawarta. Babu wata kalma mai wuya a cikinta, babu wasa da harshe. Yana ɗan shekara 20 ya rubuta ta, kuma tun a farkonta ya ƙi yarda a ce matsalar gidan su Brenda ce kawai, ya ce ta unguwa ce gaba ɗaya. Duk wanda ya san halin da yara mata marasa gata suke shiga a garuruwanmu ba sai an yi masa tafinta ba.

Haka Dear Mama, ta 1995. Abin da ya sa ta fi sauran waƙoƙin yabon uwa shi ne bai ɓoye aibinta ba. Ya faɗi cewa ta faɗa shan ƙwaya, ya faɗi cewa ta kore shi daga gida yana ɗan shekara 17, sannan ya tuna yadda take dawowa daga aiki a gajiye ta haɗa musu abinci da ɗan abin da ya samu. Ya girmama ta da laifinta a bayyane. A 2010 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa waƙar cikin faya-fayan da ake adanawa don tarihi.

Amma Tupac mutum ne mai fuska biyu, kuma masoyansa ba sa son a faɗa. Wanda ya yi Keep Ya Head Up yana lallashin matan da aka bari da 'ya'ya, shi ne kotu ta samu da laifin cin zarafin wata mata a watan Disambar 1994, laifin da ya musanta har ya mutu. Yana gidan yari kundinsa Me Against the World ya fito a watan Maris na 1995, ya hau lamba ta ɗaya a jadawalin Billboard. Suge Knight na kamfanin Death Row ya tsaya aka biya belinsa na dala miliyan 1.4, ya fito a watan Oktoba da zuciya cike da gaba. All Eyez on Me, mai waƙa 27, da ya fito a Fabrairun 1996, shi ne ya fi kasuwa, amma a ganina ba shi ne ya fi kyau ba. Akwai waƙoƙin cike gurbi a cikinsa, akwai alfahari da tsokana da yawa. Tupac yana aiki da gaggawa kamar wanda ya san kwanansa kaɗan ne, yakan naɗi waƙa biyu ko uku a rana, kuma gaggawar tana bayyana: kalmomin amsa-amonsa sukan maimaitu daga waƙa zuwa waƙa. Ba wai bai iya ba ne. Saurari yadda ya buɗe If I Die 2Nite da luguden harafin p, za ka san in ya so nuna fasaha yana iyawa. Bai ɗauke ta abin da ya fi muhimmanci ba ne kawai.

Biggie, wato Christopher Wallace, akasin haka ne kusan ta kowace fuska. Ɗa ne tilo ga Voletta Wallace, malamar makarantar yara 'yar asalin Jamaika, a Brooklyn. Yaro ne mai ƙoƙari a aji, musamman a Turanci, kafin ya bar makaranta ya koma sayar da ƙwaya a bakin titi. Yana yaro akwai wani maƙwabcinsu, Donald Harrison, mabushin jazz, wanda ya riƙa sa shi sauraron manyan makaɗa yana nuna masa yadda ake bin ganga da baki. Mujallar The Source ta tallata kaset ɗinsa na gwaji a 1992, daga nan Sean Combs ya ɗauke shi a kamfanin Bad Boy.

Abin da Biggie ya fi kowa a kai shi ne hawa kiɗa. Ƙaton mutum ne mai kauri da nauyin murya, amma kalmominsa ba sa yin nauyi. Yakan ɗan jinkirta ya bar kiɗan ya wuce shi da taki ɗaya, sai ya cim masa da kalmomi uku a jere, ya tsaya cak, ya sake ɗauka daga inda ba ka zata ba. Kamar gwanin kalangu ne da yake matse tsarkiya ya saki, sautin yana hawa yana sauka amma bai taɓa fita daga kari ba. Ba za ka taɓa jin yana haki ko yana tura kalma da ƙarfi don ta shiga layi ba. Waɗanda suka yi aiki da shi sun sha faɗin cewa daga baya ma ya daina rubutu a takarda, yakan zauna a situdiyo na sa'o'i yana jin kiɗan yana motsa baki, sai ya tashi ya shiga ya zuba baitin gaba ɗaya. Da ya yi Notorious Thugs tare da Bone Thugs-n-Harmony, mutanen Cleveland masu tsananin saurin baki, salonsu ya ara ya yi shi kamar da shi aka haife shi.

Sai ba da labari. A waƙar Warning, na'urar kiransa ce ta tashe shi da ƙarfe 5:46 na asuba. Wani abokinsa ne daga shagon aski yake gaya masa cewa wasu tsofaffin abokan harka sun ji ya yi kuɗi, suna shirin zuwa su kashe shi. Duka muryoyin biyu nasa ne, mai kira da mai amsawa, kuma cikin 'yan mintuna ka san waɗanda suke zuwa, ka san dalilinsu, ka ji tsoron da yake ɓoyewa a bayan barazana. A Gimme the Loot ma haka ya yi, ya zama 'yan fashi biyu, babba mai kaurin murya da ƙarami mai zafin kai, har mutane da yawa suka ɗauka baƙo ya gayyato. Kundin Ready to Die, na Satumbar 1994, da kukan haihuwarsa ya buɗe, ya rufe da kiran waya cikin dare inda yake gaya wa abokinsa ya gaji da rayuwa. Tsakanin waɗannan biyu akwai Juicy, waƙar wanda ya fita daga talauci yana lissafa abubuwan da da ba su da shi.

Rauninsa biyu ne. Na farko, duniyarsa ƙarama ce: kuɗi, mata, bindiga, tsoron mutuwa. Yana zana wannan duniya fiye da kowa, amma ba ya cika ɗaga kai ya tambayi wanda ya gina ta, tambayar da Tupac bai taɓa daina yi ba. Na biyu, kundi biyu kawai ya kammala. Life After Death ya fito ranar 25 ga Maris 1997, kwana 16 bayan an harbe shi a Los Angeles yana ɗan shekara 24. Ba mu ga yadda zai tsufa a waƙa ba, ba mu ga kundinsa mara kyau ba, kuma wannan yana taimaka wa sunansa a wurin musu fiye da yadda ake yarda.

Abin da ya shiga tsakanin mutanen nan biyu yana da ciwo, domin abokai ne tun 1993. Ranar 30 ga Nuwamba 1994 aka yi wa Tupac fashi aka harbe shi a ƙofar situdiyon Quad da ke Manhattan, alhali Biggie da Combs suna sama a ginin. Tupac ya yi imani sun san da shirin, Biggie ya musanta, kuma ba a taɓa kawo hujjar da ta nuna yana da hannu ba. Fitowar waƙar Biggie mai suna Who Shot Ya? 'yan watanni bayan haka ta ƙara rura wutar, ko da yake Biggie ya ce tun kafin harbin aka naɗe ta. A Yunin 1996 Tupac ya saki Hit 'Em Up, zambo tsirara da ambaton suna, har da taɓa matar aure. Biggie bai mayar da martani da waƙa mai ambaton suna ba. An harbi Tupac a Las Vegas ranar 7 ga Satumba 1996 bayan damben Mike Tyson, ya cika ranar 13 yana da shekara 25. Wata shida bayan nan aka kashe Biggie. Sai a 2023 aka kama wani aka tuhume shi da hannu a kisan Tupac, na Biggie kuwa ba a gurfanar da kowa ba. Ina faɗin wannan ne saboda matasa da yawa da Hit 'Em Up suke fara sanin Tupac, su ɗauka ita ce jarumtakarsa. Ita ce mafi munin ƙofar shiga gidansa.

Nas, wato Nasir Jones, shi ne na ukun, kuma shi kaɗai ya rayu. Ya tashi a Queensbridge, rukunin gidajen gwamnati mafi girma a Amurka. Mahaifinsa Olu Dara makaɗin jazz ne. Ya bar makaranta tun a ƙaramar sakandare, ya ci gaba da karatu da kansa. Kundinsa na farko, Illmatic, ya fito a Afrilun 1994 yana ɗan shekara 20: waƙa 10 har da gabatarwa, kusan minti 40, babu ko ɗaya ta zubarwa. Manyan masu haɗa kiɗan Niyok na lokacin, DJ Premier da Pete Rock da Large Professor da Q-Tip, duk sun sa hannu. The Source ta ba shi makirfo biyar, makin da ba ta cika bayarwa ba. Kasuwa kuwa ba ta yi saurin karɓarsa ba, sai a 2001 ya kai kwafi miliyan ɗaya.

Nas ba ya ihu kamar Tupac, ba ya rawa da kiɗa kamar Biggie. Ido ne da shi. Yana tsaye a taga yana gaya maka abin da yake gani, dalla-dalla: warin fitsari a lif, yaran da suke caca a lungu, 'yan sandan farin kaya a mota, wanda ya fita bai dawo ba. One Love wasiƙu ne zuwa ga abokansa da ke kurkuku. Yana ba ɗaya labarin cewa an haifa masa ɗa mai kama da shi, cewa budurwarsa ta koma hulɗa da abokan gabarsa, cewa mahaifiyarsa tana kuka, wane an harbe shi, wane ya lalace. A baiti na ƙarshe ya zauna a benci da wani yaro ɗan shekara 12 da ya riga ya fara riƙe bindiga, yana ƙoƙarin ba shi shawara ba tare da ya yi masa wa'azi ba. A I Gave You Power, ta 1996, bindiga ce take magana da bakinta, tana ba da labarin hannayen da ta bi, har ranar da ta gaji ta ƙi tashi a hannun mai ita, aka kashe shi, ta yi murna ta huta, sai wani ya sunkuya ya ɗauke ta. A Rewind, ta 2001, daga ƙarshe ya faro labarin ya koma farko, harsashi yana fita daga jiki yana komawa cikin bindiga.

Matsalar Nas ita ce kunnensa na zaɓen kiɗa bai kai alƙalaminsa ba. Bayan Illmatic ya yi ta neman kasuwa, wani lokaci ya dace, kamar If I Ruled the World da ya yi da Lauryn Hill, wani lokaci ya faɗi, kamar kundin Nastradamus na 1999. Muryarsa ma ba ta cika sauyawa ba, in ba ka bin kalmomin za ka iya gajiya. Rigimarsa da Jay-Z a 2001, waƙar zambo Takeover daga Jay-Z, Ether daga Nas, ita ta farfaɗo da shi, kuma ta ƙare yadda ta Tupac da Biggie ba ta ƙare ba: a 2005 suka hau dandamali ɗaya suka yi musabaha. Bai samu kyautar Grammy ba sai a 2021, da King's Disease, ɗaya daga kundi shida da ya yi da mai haɗa kiɗa Hit-Boy tsakanin 2020 da 2023, yana dab da shekara 50.

To, wa za ka zaɓa? Abu na farko da za ka duba shi ne ƙarfin Turancinka, kuma babu abin kunya a ciki, domin ko Baturen Ingila ba ya gane rabin karin maganar Brooklyn. Tupac ne ya fi sauƙin shiga. Yana furta kalma a fili, jimlolinsa gajeru ne, kuma ko ka rasa kashi ɗaya cikin uku muryar za ta cike maka sauran. Wannan ne dalilin da ya sa hotonsa ya kai shagunan aski da jikin motocin haya a ƙasashen da ba a jin Turanci, inda na Nas bai kai ba. Biggie yana tsakiya: daɗin tafiyarsa a kan kiɗa kowa zai ji, amma barkwancinsa da habaicinsa suna cikin kalmomin unguwa. Nas sai ka buɗe rubutun waƙar a waya kana bi layi-layi, ka maimaita sau uku ko huɗu. Wanda bai shirya wannan wahala ba zai ce an cika yabonsa.

Abu na biyu, batsa da ashar. Dukkansu suna yi, kada wani ya ruɗe ka. Amma ba daidai suke ba. Biggie ya fi su nisa: akwai 'yan wasannin da ya saka tsakanin waƙoƙi a Ready to Die da ba za ka so ƙaninka ya ji ba, akwai kuma layukan da ya yi don girgiza mai sauraro kawai, waɗanda ba su da abin karewa. Tupac na zamanin Death Row yana biye da shi. Illmatic da Me Against the World su suka fi dama, ko da yake su ma akwai zagi da ambaton wiwi da giya. Manyan waƙoƙin duk suna da kwafin da aka tace don rediyo, shi za ka nema in a mota kake da iyali, ko a shago inda dattawa suke wucewa.

Abu na uku, me kake so ka yi da abin da ka ji? In saurare kawai kake so, kana neman wanda zai yi magana da kai ranar da duniya ta yi maka zafi, fara da Me Against the World. So Many Tears da Dear Mama da waƙar da kundin ya ci sunanta sun isa su nuna maka ko kai nasa ne. Daga nan ka koma baya zuwa Keep Ya Head Up da Brenda's Got a Baby, sannan Changes. Kundayen da aka fitar bayan mutuwarsa ka bar su sai daga baya, domin da yawa an sauya musu kiɗan da ya yi su a kai.

In kuwa kai mai hawa dandamali ne, matsalarka numfashi da kari, Biggie ne malaminka. Kada ka kwaikwayi abin da yake faɗa, ka lura da inda yake yin shiru. Sai dai a yi hattara da abu ɗaya. Biggie yana lanƙwasa kalmar Turanci, ya ja ta ko ya gutsure ta don ta zauna a kiɗa, kuma Turanci yana jure haka. Hausa ba ta jurewa, domin tsawon wasali da hawa da saukar murya su suke riƙe da ma'ana. Mawaƙin da ya ja wasalin da bai kamata ba don ya yi kama da ɗan Brooklyn, kalmar ce zai ɓata, kuma masu sauraro za su ji.

Mai rubutu kuwa, musamman mai rubutu da Hausa, Nas nake ba shi ba tare da jinkiri ba, kuma a nan ne na fi tsayawa da ƙarfi. Kusan duk kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, saboda haka amsa-amon ƙarshen layi abu ne mai arha a wurinmu. Yaro ma zai jera layi 20 masu ƙarewa da sauti ɗaya bai faɗi komai ba, kuma da yawan waƙoƙin gambarar da ake saki yanzu haka suke: kirari, zambo, kirari. Abin da yake da tsada shi ne amsa-amon da ke cikin layi, da ido mai ganin ƙananan abubuwa, da haƙurin tsayawa a kan labari ɗaya har baiti uku. Mai son ya rubuta abin da ke faruwa a tashar mota da ƙarfe biyar na asuba, ko zaman jiran albashi, ko abokin da ya tafi ci-rani ta Agadez aka daina jin ɗuriyarsa, zai sami hanya a One Love fiye da ko'ina. In aka matsa mini in faɗi wanda ya fi a cikin ukun, Nas zan ce, saboda alƙalami da kuma shekara 30 da ya yi yana riƙe da shi. Amma ba shi zan fara miƙa wa sabon shiga ba.

Sauran manyan suna da matsayinsu, sai dai kowannensu ya fi daɗin fahimta bayan waɗannan. Jay-Z, wanda ya kafa kamfanin Roc-A-Fella da abokansa ya fitar da kundin Reasonable Doubt a 1996 saboda manyan kamfanoni sun ƙi ɗaukarsa, gwanin magana mai harshen damo ne, kuma hanyar da Biggie ya fara shi ya ƙarasa ta. Eminem ya fi kowa iya haɗa gaɓoɓi masu amo ɗaya, waƙarsa Stan kuma darasi ce a ba da labari ta wasiƙa, amma zagin mahaifiyarsa da ya yi ta yi a farkon aikinsa zai yi wa Bahaushe wuyar haɗiya. Lauryn Hill kundi ɗaya ta yi ita kaɗai a situdiyo, a 1998, ya ci Grammy biyar, kuma wanda yake neman waƙa mai tsabta da zurfi zai iya farawa da ita ma. Kendrick Lamar, wanda kundinsa DAMN. ya sa ya zama mawaƙin gambara na farko da ya ci kyautar Pulitzer a 2018, ya haɗa zafin Tupac da tsarin Nas. To Pimp a Butterfly, na 2015, ya rufe shi ne da hira tsakaninsa da Tupac, inda ya ɗauko muryar daga wata tattaunawa da aka yi da shi a 1994 don wani gidan rediyon Suwidin, ya saka nasa tambayoyin a tsakani. Wanda bai san Tupac ba, waɗannan mintuna na ƙarshe za su wuce shi, don haka ka ajiye Kendrick sai ka gama da Me Against the World da Illmatic.